Yadda A Ke Tsara Daɓen Tayil A Kwamfuta

'Yan'uwana ɗalibai, ko kun taɓa duban daɓen tayil kuka tambayi kanku abin da ya sa ya zauna daidai, ba rata ba karo? To, asirinsa lissafi ne, irin wanda za mu koya wa yara in mun fita.

A dā mai zanen gini yakan zana kowane tayil da fensir da rula. A shekarar 1982 kamfanin Autodesk na Amurka ya fito da manhajar AutoCAD, sa'an nan waɗansu suka biyo baya, kamar su Revit da SketchUp. Yanzu mutum yakan zana ɗakin bisa ga awonsa, ya zana tayil guda, ya umurci kwamfuta ta jera irinsa har ɗakin ya cika. Amma fa kwamfuta ba ta karya dokar lissafi.

Ga dokar. Duk inda bakin tayil suka haɗu a wuri guda, lalle jimlar kusurwoyinsu ta zama digiri 360. Kusurwar murabba'i digiri 90 ce, watau huɗu sun cika. Ta alwatika mai gefe daidai 60 ce, shida sun cika. Ta mai gefe shida, irin saƙar zuma, 120 ce, uku sun cika. Mai gefe biyar kuwa tasa 108 ce: uku su ba da 324, saura rata, huɗu su hau juna. Domin wannan, cikin siffofi masu gefe da kusurwa daidai, ukun nan kaɗai ke rufe daɓe su kaɗai.

Sai batun inda za a fara jeri, gama nan ne kuɗin mai gida ke shiga. A ce ɗaki tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3.3, tayil kuwa santimita 40 kowane gefe. Mu ajiye ratar siminti tukuna. Tsawon zai ci tayil 10 daidai. Faɗin zai ci 8, saura santimita 10. In an fara daga jikin bango, sai siririn yanki ya zauna a ɗaya gefen, ba kyan gani. Amma tayil 83 ko 84 sun isa. In kuwa an sa layi 7 a tsakiya, saura santimita 50, watau 25 a kowane gefe, ɗakin ya yi kyau. Sai dai kowane yanki zai ci tayil guda, gama ragowar 15 ba ta isa wani ba, jimla 90 ke nan.

Amfanin kwamfuta shi ne, mai zane ya gusa mafarin jerin, ya nuna wa mai gida duka biyun, ya zaɓa tun ba a kwaɓa siminti ba. Har wa yau a sayi ƙari kaɗan saboda fashewa.

Wanda za a tura makarantar da ba kwamfuta kada ya karai. Ya yanka kwali siffa-siffa, ya ba yara su jera bisa tebur. Da hannunsu za su gane abin da ya hana mai gefe biyar zama, ba kuwa za su manta ba.