Zaren gilashi ya shigo kasuwa: abin da ya kamata a sani kafin a biya kuɗin aiki

Duk wanda ya bi titunan Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram cikin shekarun nan ya ga ma'aikata suna haƙa dogon rami siriri a gefen kwalta, suna shimfiɗa tiyo, suna zura baƙar waya a ciki. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka aikin manyan kamfanonin waya ne da bankuna, babu ruwan mai sayar da atamfa ko shinkafa. To, ga shi yau maganar ta iso ƙofar shago. Matasa masu aikin haɗa na'urori suna zagaya manyan ƴan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi, suna cewa za su haɗa musu shago da mangaza da ɗakin mai gadi da wannan waya, a yi magana kyauta, a ga kyamara, a duba lissafi. Wasu gwanaye ne. Wasu kuwa hannunka za su koyi aiki, da kuɗinka. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje wa masu karatu yadda abin yake.

Wayar da ake kira fibir optik ba ta da jan ƙarfe ko kaɗan. Idan aka fere baƙar rigar da ke samanta, abin da za a tarar shi ne zaren gilashi wanda kaurinsa bai wuce na gashin kai ba sosai: zare 8 a jere ne ke cika milimetir guda. A tsakiyar zaren akwai wata ƴar hanya da ta fi haka siranta nesa ba kusa ba, ta nan haske ke bi. Na'urar da ke wannan bakin tana mayar da murya ko hoto ko lissafi ƙyaftawar haske, ta wancan bakin kuma ta mayar da hasken yadda abin yake tun farko. Hasken yana gudun kusan kilometir 200 000 a daƙiƙa guda cikin gilashin. Wani masani mai suna Charles Kao ne, tare da abokin aikinsa, ya nuna a 1966 cewa in aka tsarkake gilashi sosai zai iya kai saƙo nesa. Kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare a 1970, shi kuma Kao aka ba shi kyautar Nobel a 2009.

Mu a Nijar ba mu da teku, alhali manyan wayoyin da suka haɗa Afirka da sauran duniya a ƙarƙashin teku suke. Dole mu ratsa ƙasar maƙwabta. Waɗanda suke da shagon intanet a 2009 ba su manta ƙarshen watan Yuli ba, lokacin da wayar SAT-3 ta samu matsala ta wajen Benin, intanet ta ɗauke a ƙasarmu da Togo. Haka a ranar 14 ga Maris 2024, wayoyi 4 suka lalace a teku daura da Kodebuwa, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka wayi gari rezo na jan ƙafa. Don rage irin wannan dogaro da hanya guda ne aka yi aikin babbar wayar da ke ratsa Sahara da tallafin Bankin Raya Afirka, fiye da kilometir 1000 a ɓangaren Nijar, ciki har da reshen Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya, da na Arlit zuwa Asamaka wajen Aljeriya, da na Difa zuwa iyakar Cadi. A ƙarshen 2025 aka karɓi aikin.

Amma abin da ake tallata wa ƴan kasuwa ba wannan babbar hanya ba ce. Ƙaramar waya ce ta cikin gida, taka ce kai kaɗai, daga shagonka zuwa mangazarka. A nan amfaninta yake, kuma a nan ake yawan ruɗa mutane.

Mu ɗauki misali. Alhaji yana da shago cikin kasuwa, mangazarsa tana bayan tasha, tsakaninsu metir 700. Kullum yaron shago yana kan hanya, ko kuwa ana ta kiran salula: kamiyo ta iso? buhu nawa aka sauke? makullin yana hannun wa? Ranar kasuwa, lokacin da kowa ke kira, rezo ya cushe. Idan aka ja zaren gilashi tsakanin wuraren biyu, aka sa antarfon a kowane baki, sai mai tsaron mangaza ya danna maɓalli kawai: "Alhaji, ga kaya sun iso, a sauke?" Ba kiredi, ba lamba, ba jiran rezo. Ko intanet ta duniya ta yanke kamar a 2024, wannan magana ba za ta yanke ba, domin ba ta fita waje. A kan zaren nan guda kuma hoton kyamarar ƙofa zai bi, da lissafin kaya na cikin ordinater. Murya ba ta da nauyi: a kan na'urorin da aka saba sawa yanzu, masu gudun gigabit 1, kira guda bai ci kashi 1 cikin 10 000 na faɗin hanyar ba.

Me ya hana a yi wannan da wayar jan ƙarfe mai araha? Dalili uku ne, kuma na farko shi ne nisa. Wayar jan ƙarfe ta ordinater iyakarta metir 100. Da ta wuce haka, saƙo ya fara ɓacewa. Na biyu tsawa. Da damina, wayar ƙarfe da ta ratsa fili daga gini zuwa gini tana iya kwaso wutar tsawa ta kai ta cikin na'urori ta ƙone su gaba ɗaya. Gilashi ba ya ɗaukar wuta, ba ya kuma kwaso ƙugin injin niƙa ko na gurup ya zuba a cikin magana. Na uku ɓarayi: jan ƙarfe yana da kasuwa wajen masu awon tsohon ƙarfe, zaren gilashi kuwa ko dala ba ya yi. Sai dai ɓarawon bai san haka ba sai ya yanke, ɓarnar ta riga ta auku. Mun sha faɗa wa masu wannan aiki su rubuta a jikin akwatinsu da manyan baƙaƙe cewa babu ƙarfe a ciki.

To amma mu faɗi gaskiya tun da wuri. Hajiya, idan shagonki da ɗakin ajiyarki cikin gini ɗaya suke, taku 30 ko 40 tsakani, ba ki da bukatar zaren gilashi. Wayar jan ƙarfe ta ishe ki, kuma duk wanda ya ce miki dole sai fibir, aljihunsa yake dubawa.

Ga wanda ke da bukata, ga inda ya kamata ya buɗe ido. Zaren iri biyu ne. Akwai na dogon zango, wanda ƴar igiyarsa ta cikin ɗaki galibi rawaya ce, yana kai kilometir 10 ko 20 da na'ura ta yau da kullum. Akwai na gajeren zango, mai riga ruwan lemo ko shuɗi-shuɗi, wanda ƙarfinsa wajen metir 500 ne. Na'urorin da ke bakin zaren dole su dace da irin zaren da aka binne. Mai aikin da ya sayo zare iri ɗaya da na'ura wani iri, zai ce maka kayan ne jabu, alhali shi ne bai karanta kwalin ba. Haka kawunan da ake cusawa cikin na'ura: akwai mai shuɗi, akwai mai kore, yankan bakinsu ya bambanta, ba a haɗa shuɗi da kore. Akwai kuma ƙananan akwatuna masu aiki da zare guda, waɗanda ake sayarwa biyu-biyu, ɗaya A ɗaya B. A da A ba sa jin juna ko an kwana ana gwadawa.

Haɗa zare da zare shi ne zuciyar aikin, nan ake gane gwani. Ba a ƙulla shi kamar wayar wuta a naɗe da salatif. Ana fere shi, a goge da alkol, a yanke bakinsa da wata ƴar na'ura ta musamman don ya fita daidai, sannan a sa bakunan biyu cikin injin walda wanda ke narkar da gilashin su zama abu guda. Injin yana da tsada, ba kowa ke da shi ba, wasu haya suke yi. Ka tambayi mai aikin kai tsaye: da injin walda za ka haɗa, ko da kawunan matsawa da hannu? Na hannu suna aiki, sun fi araha, amma zafi da ƙura irin namu suna saurin gajiyar da su.

Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gaba. Hanyar hasken cikin zaren dogon zango ba ta kai kashi 1 cikin 100 na milimetir ba, ƙwayar ƙura guda ta lokacin hunturu tana iya toshe ta. Saboda haka akwati ya zama rufaffe, duk kan da ba a amfani da shi a bar masa hularsa, kuma a hana yaran shago cirewa suna mayarwa. Kada a lanƙwasa zaren kamar igiyar guga. In za a naɗe shi, zagayen kada ya kasa bakin kofin shan ruwa. Kada kowa ya leƙa bakin zaren da ido don ya ga ko yana aiki: hasken ba ya ganuwa, amma yana iya lahanta ido. Guntayen gilashin da suka zuba wajen yanka a tattara su cikin kwalba, musamman inda ake sayar da abinci ko yara ke rarrafe, don in suka shiga fata ba a ganin su balle a cire.

Sai batun wuta. Zaren kansa ba ya cin kuran, amma akwatunan bakinsa biyu suna ci, ga antarfon, ga kyamara. In wutar NIGELEC ta ɗauke a mangaza kaɗai, magana ta mutu ko da shago na da wuta. Ba mu manta watannin da suka biyo bayan Agusta 2023 ba, lokacin da wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke har zuwa Maris 2024. Na'urorin nan ba su da ci, ƙaramin batir da fanno na hasken rana ya ishe su, amma a sa shi a kowane baki, kuma a rubuta shi cikin lissafin kuɗin aiki tun farko. Galibi nan ne ake rage farashi don a burge mai kuɗi, daga baya a dawo a ce a ƙaro.

Inda muke ganin wannan abu zai fi amfanar talaka shi ne idan ƙungiyar ƴan kasuwa ce ta yi shi don kowa. Mai tebur ɗin tumatir ba za ta ja waya ba, ba ta da dalili. Amma gobara ba ta tambayar girman jari. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka buɗe sabuwa, kuma tun daga lokacin kasuwanni nawa muka ga sun ci wuta cikin dare? Idan kowace ƙofar kasuwa tana da antarfon da ke haɗe da ɗakin masu gadi da lasifikoki, wanda ya fara ganin hayaƙi zai sanar da duk sauran a lokaci guda, ba sai ya tsaya neman lamba da kiredi ba. Da rana kuma ga cigiyar yaro da ya ɓace, ga sanarwar motar da ta tare hanya. In kyamarori da yawa za su bi zaren, a gaya wa mai aikin ya saita na'ura ta riƙa ba murya gaba, domin hoto in ya yi jinkiri kaɗan ba a damu ba, magana kuwa sai ta riƙa tsinkewa.

Wajen binnewa, a sa wayar cikin tiyo, a yi zurfin da ya wuce rabin metir, a ƙara inda kamiyo ke bi, a shimfiɗa ragar gargaɗi a samanta don mai haƙa ya gani kafin digarsa ta kai. In za a ratsa titi ko filin hukuma, a fara neman izini a ma'aikatar magajin gari. A sayi waya mai zare 6 ko 12 ko da biyu ake bukata, don bambancin kuɗin kaɗan ne idan aka kwatanta da sake haƙa rami, kuma a bar rarar ƴan metoci a naɗe a kowane baki saboda ranar gyara.

Kada a biya cikon kuɗi don kawai fitilar akwati ta kama kore. Mai aikin ya haska jan tocila a baki ɗaya a gani ya fito a ɗayan, zare bayan zare, har da na ajiya. Ya auna ƙarfin hasken da na'urar awo, ya rubuta adadin a takarda ya sa hannu. A yi magana ta antarfon alhali kyamarori duka suna aiki, a kashe wuta a ga ko batir ya ɗauka. Sannan ya zana inda wayar ta bi, daga wane bango zuwa wane, da lambobin sirrin na'urorin, ya miƙa wa mai shago ko ma'ajin ƙungiya kafin ya tafi.