MAI JUNA BIYU A LOKACIN ANNOBA: YADDA ZA A RAGE DAMUWA, BAƘIN CIKI DA KAƊAICI



Annoba ba jiki kaɗai take taɓawa ba, har zuciya tana taɓawa. Jihar Zamfara ta ga haka ba sau ɗaya ba. Sanƙarau da ya ɓulla a ƙarshen 2016 ya yi mummunar ɓarna a 2017, mafi yawa a cikin yara. Cutar korona, wadda aka fara samu a Legas ran 27 ga Fabrairu 2020, ta iso Zamfara a watan Afrilu, daidai shigowar azumi. An rufe makarantu, an taƙaita taruka, an hana tafiya tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. A 2021 kuma ga amai da gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona a watan Mayu 2023, amma darasin bai wuce ba, don annoba ba ta sallama kafin ta shigo.

Me ya sa abin ya fi nauyi ga mai ciki?

A al'adarmu mace ba ta ɗaukar ciki ita kaɗai. Akwai goyon ciki a gidan iyaye, akwai barka, akwai suna ranar bakwai, akwai wankan jego a hannun tsofaffi. Idan annoba ta hana cuɗanya, duk waɗannan sukan yanke. Amaryar da aka kawo Gusau daga Tsafe ko Bunguɗu sai ta wayi gari da cikin fari, ba uwa kusa, ba ƙanwar da za a aika.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, kimanin mata 15 cikin 100 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa lokacin ciki, akasari ciwon damuwa, sannan kusan 20 cikin 100 bayan haihuwa. Ta kuma ce a shekarar farko ta korona fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Saboda haka wannan ciwo ne kamar hawan jini. Ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarancin tawakkali ba.

Alamomin da za a lura da su

Rashin barci ko da an samu sarari, rashin cin abinci, yawan kuka, faɗuwar gaba, saurin fushi, gudun mutane, da jin ba ki da amfani. Kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa mata da yawa kan ji kuka na zuwa musu ba dalili. Wannan yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya haura mako biyu, a zo asibiti.

A garzaya asibiti nan take idan mace tana tunanin cutar da kanta ko jaririnta, ko tana sambatu, ko tana jin muryoyin da wasu ba sa ji. Kada a bar ta ita kaɗai, kada a tsaya ga hayaƙi da rubutu kawai. Haka nan ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zubar jini, zazzaɓi ko raguwar motsin ɗa: kada a ce damuwa ce. Ana iya samun hawan jini mai kai wa ga jijjiga.

Abin da za ki yi wa kanki

Kada tsoron annoba ya hana ki awo. Ana so ki ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. In kin zo, faɗa wa ungozoma abin da ke ranki, ba na jiki kaɗai ba.

Ki ci abinci a kan lokaci ko ba kya sha'awa, ki sha maganin ƙarin jini, ki kwana cikin gidan sauro. Ki ɗan zaga tsakar gida safe da yamma. Idan gaba ta faɗi, zauna, ja numfashi a hankali ta hanci, saki ta baki, kamar sau goma. Ki saurari labarai a rediyo sau ɗaya ko biyu a rana, ki rage bin jita-jitar WhatsApp. Kada ki sha maganin barci, tiramadol ko kodin don ki manta. Suna cutar da ke da abin da ke cikinki.

Ki zaɓi mutum biyu da za ki riƙa buɗe wa ciki: ɗaya ta waya, ɗaya maƙwabciya. Ba mu manta watan Satumba 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan saboda matsalar tsaro. Waya kan yanke, maƙwabciya tana nan.

Idan an yi rashi

Mai cikin da ta rasa miji, uwa ko ɗa, musamman in ba a samu zaman makoki yadda aka saba ba, baƙin cikinta kan daɗe. Ku bar ta ta yi kuka, ta ambaci mamacinta. Mai takaba ma tana buƙatar awo, a raka ta. Wadda ta yi ɓari ko ta haifi ɗa ba rai, kada a rufe mata baki da cewa za ta sami wani. A zauna da ita, a saurare ta.

Ga maigida da uwar miji

Maigida, a lokacin kulle kai ne danginta. Ka tambaye ta yadda ta kwana, ka ɗauke mata ɗiban ruwa da hidimar yara, ka sa mata kati ta kira gida. Ka tanadi kuɗin mota, ka san direban da za ka tasa ko da tsakar dare, ka kuma ba da izinin zuwa asibiti tun yanzu, ko ba ka gida. Inna, kalmarki mai daɗi ta fi magani saurin shiga.

Za a iya fara neman taimako a asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ko manyan asibitocin Tsafe da Bunguɗu, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau. In da buƙata, akan tura mutum asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Ciwon damuwa yana warkewa, kuma akwai magungunan da likita kan zaɓa wa mai ciki da mai shayarwa.

Allah ya raba lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kare mu daga annoba, amin.