Iyayen yara masu naƙasa da shirye-shiryen taimako a Nijar

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana cewa yara ƴan ƙasa da shekara 5 za su samu magani kyauta. A 2008 kuma ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Amma iyaye ba da takarda suke auna taimako ba. Suna auna shi ne da wahalar da ya rage musu a gida.

Misali shi ne jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe. Ana iya gyara ta ta hanyar da ake kira Ponseti. Ana ɗaure ƙafar da filasta, ana sakewa kowane mako har wajen mako 6. Daga nan yaro zai sa takalmi na musamman dare da rana na wata 3, sannan da dare kawai har ya kai shekara 4 ko 5. Asibitin CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana cikin wuraren da ake wannan aiki.

Iyaye suna yaba wannan magani, domin yaron da a da zai tashi gurgu yakan taka da ƙafarsa. Sai dai sukan kawo kuka uku. Na farko shi ne nisa. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci. Na biyu shi ne lokaci. Yawanci uwa ce ke rakiya, sai ta bar sauran yara da sana'arta, da damina kuma ta bar gona. Na uku shi ne bayani. In ba a fahimtar da iyaye cikin harshensu ba, sukan cire takalmin da zarar ƙafa ta miƙe, alhali kuwa tana iya sake murɗewa.

Saboda haka abin da iyaye ke buƙata shi ne a kawo aikin kusa da su, a sa uba da kakanni cikin shawara, a kuma saurare su kafin a tsara shiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.