Majigin da Ba Ya Magana

Majigin farko ba ya magana. Sai ka ga mutum yana motsa baki, amma ba ka jin kome. Makaɗi yakan zauna kusa da allo yana yi wa hotunan kiɗa. In akwai muhimmiyar magana, sai a rubuta ta a allon, 'yan kallo su karanta. Wanda ya iya karatu ya ci riba ke nan. Sai a 1927 majigi mai magana ya fara yaɗuwa.

To, yaya za a ba mutane dariya ba tare da an ce uffan ba? Babbar dabarar ita ce a nuna wa ɗan kallo abin da mai wasa bai gani ba.

A ƙasar Faransa, cikin 1895, aka nuna wani mai lambu yana ban-ruwa da mesa. Wani yaro ya lallaɓo ta bayansa ya take mesar, ruwa ya tsaya. Mai lambu ya leƙa bakin mesa don ya ga abin da ya faru. Yaro ya ɗage ƙafa. Ruwa ya feso masa a fuska! Kun gani, tun kafin ruwan ya fito 'yan kallo sun san zai fito. Jiran nan shi ne rabin daɗin.

Wata dabara kuma ita ce sutura. Cali Caplin, wanda aka haifa a Landan a 1889, yakan sa 'yar ƙaramar hula, da matsattsen kwat, da burmemen wando, da manyan takalma, ga sanda a hannu. Da ganinsa ka san matalauci ne mai son a ɗauke shi babban mutum. A wani wasa na 1925 yunwa ta kama shi, ya dafa takalminsa, ya zauna yana ci a natse, sai ka ce kaza aka soya masa. Kana dariya, kana kuma jin tausayinsa. Nan ya fi sauran.

Akwai kuma guje-guje. 'Yan sanda su cika mota fal, su bi ɓarawo, su yi ta faɗuwa, ɓarawo ya tsira.

Amma wani wasan da bakin rai ake yinsa. A Amurka, cikin 1928, Basta Kiton ya tsaya a gaban wani gidan katako, ya ba shi baya. Iska ta taso, bangon gaba ya rikito kansa gaba ɗaya. Aka dace, tagar da ke buɗe ita ta faɗo daidai inda yake, ya fito lafiya lau. Bangon na gaske ne, mai nauyi ƙwarai. Sai da aka auna wurin, aka yi masa alama a ƙasa. Da ya goce kaɗan, da ya halaka. Duk da haka ko gezau bai yi ba, don shi Kiton ba ya murmushi a wasa, kome ya same shi.