Kofin 2025 bai ba Super Falcons tikitin Brazil ba

A majalisun Sabo da Agege ina yawan jin ana cewa tunda Super Falcons sun ɗauki kofin Afirka a 2025, ai sun samu gurbin gasar duniya ta 2027. To, ba haka ba ne.

Mata ba su da wasannin share fage na daban irin na maza. A gasar Afirka ta 2026 ake rabon: ƙasashe huɗu da suka kai kusa da ƙarshe su wuce kai-tsaye, biyu kuma su tafi cike gurbi da wasu nahiyoyi. Kunnen dokin da aka yi da Benin a Abeokuta ƙofar wannan gasa kawai ya buɗe. Ni dai kwata-fainal nake tsoro, domin a nan ake cin tikitin.