Saƙon da Ke Rikicewa da Tsakar Rana

Ruwan da ke shayar da gonakin Kura da Bunkure daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka gina zamanin Audu Bako, amma mai gona a wutsiyar kanal ya san ba kullum yake isowa kan lokaci ba. Shi ya sa wani manomin shinkafa a wajen Kadawa ya haƙa rijiya, ya sa famfon sola. Ɗan ƙanensa mai karatun kwamfuta ya sa aka ja waya daga inbatar famfon zuwa bukkar gadi, ya rubuta manhajar da za ta riƙa tambayar inbatar ƙarfin wuta da gudun famfo.

Da safe lafiya lau. Da hantsi ya ɗaga sai lambobi su fara shirme, wani lokaci manhajar ta sandare. La'asar na yi komai ya koma daidai.

"Kai yaro, zafi ne," in ji Alhaji mai gonar.

"Wataƙila, Baba. Bari dai mu bi a hankali."

Ya fara da saiti. Wayar RS485 ce, yaren kuma Modbus, wanda ake amfani da shi tun 1979. Dole ɓangarorin biyu su yarda kan gudu ɗaya, a nan bit 9600 a daƙiƙa. Da gudun ya saɓa, ai ko da asuba ba za a fahimci juna ba. Aka sallami wannan. Nisa ma ba laifinsa, don irin wannan waya tana kai mita 1200, tasu kuwa ba ta kai ƙarshen fadamar ba. Ba ɓera, ba saran fartanya.

Sai ya yi abin da galibin masu rubuta irin wannan manhaja ke jin ƙyuyarsa: ya sa ta rubuta kowane saƙo ɗanyensa, da lokacin isowarsa. A irin Modbus ɗin da suke amfani da shi, kowane saƙo yana ƙarewa da bait biyu na tantancewa, CRC, waɗanda mai karɓa zai sake lissafawa ya gani ko an taɓa kayan a hanya. Manhajar ba ta taɓa duba su ba. Da aka duba, sai ga saƙonni birjik sun faɗi jarrabawar, kuma yawansu na hawa tare da gudun famfo.

To zafi ne ko famfo? Dukansu da tsakar rana suke tashe. Ana tsaka da ƙwallelliyar rana ya ce a tsayar da famfon, a bar inbata a kunne. Zafi na nan, kuskure ya ɗauke ɗif.

Suka tona. Ashe mai aikin, don ragin wahala, ya cusa wayar saƙo cikin bututu ɗaya da wayar famfo. Inbata tana datsa wuta sau dubbai a daƙiƙa, kuma wannan hayaniyar ce ke tsallakawa cikin maƙwabciyarta.

Aka raba musu hanya, aka sa murɗaɗɗiyar waya mai rufi, da resista mai om 120 a kowane ƙarshe. Manhajar kuma ta koyi jefar da saƙon da CRC ɗinsa ya saɓa, ta share guntayen da suka maƙale, ta sake tambaya sau uku, in shiru ya yi tsawo ta rubuta "babu amsa" maimakon ta zauna jira har abada.

Alhaji dai tambayarsa ɗaya ce: wa zai biya kuɗin sabuwar wayar?