Kafin a Jona Kwamfuta da 'Yan Uwanta

Idan makaranta ko asibiti ko wani ofishi ya sayo kwamfutoci ashirin ko hamsin, abin da aka saba yi shi ne a kira mai gyara a ce ya zo ya "zuba musu Windows". Zai zo da filashinsa a aljihu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kafin la'asar kowane allo ya kawo haske, a sallame shi ana sa albarka. Bayan wata biyu sai koke ya fara: wannan ba ta ganin firinta, waccan ta ƙi karɓar kalmar sirri, ta kusa da taga kuwa ta cika da tallace-tallacen da babu wanda ya san daga ina suka fito. Yawanci ba injinan ne ke da laifi ba. Tun ranar farko aka yi musu shiri irin na kwamfutar gida, alhali aikin da za su yi daban ne.

Kwamfutar gida ta mutum ɗaya ce, in ta lalace shi kaɗai zai ji a jikinsa. Ta ofis kuwa an jona ta da sauran, ta kebul ko ta Wi-Fi. Firintarsu ɗaya, hanyarsu ta fita intanet ɗaya, sau da yawa ma daga babbar kwamfuta ɗaya, wadda masu sana'ar ke kira saba, suke ɗebo takardun aiki. Duk abin da ya shiga ɗaya yana iya kaiwa ga sauran, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Ranar 12 ga Mayu, 2017 duniya ta ga haka da idonta. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta samu kafa a cikin tsarin da Windows ke raba fayil da shi tsakanin kwamfutoci, ta riƙa tsallakawa daga wannan zuwa waccan ba tare da wani ya danna komai ba, tana kulle bayanan mutane tana neman kuɗin fansa. Ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke alƙawuran ganin likita kusan 19,000. Abin takaicin shi ne tun watan Maris na wannan shekarar Microsoft ta fitar da gyaran da ke toshe kafar. Akasarin waɗanda abin ya ci, ba su saka shi ba ne.

Don haka shiri yana farawa tun kafin a soka filashi. Kwamfutoci da dama a ofisoshinmu na hannu ne, HP da Dell da Lenovo waɗanda suka gama aiki a Turai ko Amurka suka biyo ta kasuwar Computer Village ta Ikeja zuwa arewa. Wannan ba aibu ba ne, wasunsu sun fi sababbi masu araha ƙarko. Amma a san shekarunsu. Windows 11 tana neman aƙalla RAM na 4GB, da ma'adanar 64GB, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in furosesa na Intel ne, sai daga ƙarni na takwas zuwa sama. Ita kuwa Windows 10, Microsoft ta daina kula da ita ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamar yadda ta yi wa Windows 7 a Janairun 2020, in ban da ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga waɗanda suka yi rajistarsa. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi kullum safe. Gyaran tsaro ne ya daina zuwa mata, kuma duk sabuwar kafar da aka gano nan gaba a buɗe za ta zauna.

Wanda injinansa ba su kai ɗaukar Windows 11 ba, yana da mafita wadda ba ta sata ba ce. Ubuntu da Linux Mint, waɗanda ake zubawa a madadin Windows, kyauta ne, halas ne, kuma suna tafiya lami lafiya a kan tsofaffin injina. Ubuntu na fitar da nau'in dogon zango duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, tana kula da shi shekara biyar. In aikin wurin bai wuce burawuza da buga takardu da lissafi ba, su da manhajar ofis ta LibreOffice sun wadatar. Sai dai a fara tambaya: akwai wata manhaja da ofishin ya dogara da ita wadda ba ta aiki sai a kan Windows? In akwai, magana ta ƙare, a nemi kuɗin lasisi.

Nan ne muke yawan faɗawa rami. Windows ɗin da ke yawo a filashin masu gyara sau da yawa wadda aka taɓa ce, an cire mata wani abu an ƙara mata wani, sannan ana "buɗe" ta da wata 'yar manhaja da aka sauko da ita daga shafin da ba a san mai shi ba. Kafin ma wannan 'yar manhajar ta yi aiki, sai an kashe rigakafin kwamfutar. Mai karatu, tsaya ka yi tunani: ka kashe tsaro da hannunka, ka ba abin da ba ka sani ba cikakken iko, sannan ka jona injin da sabar da ke riƙe da sakamakon ɗalibai ko bayanan marasa lafiya. Ban ga arahar da ke cikin wannan ba. A sauko da Windows daga shafin Microsoft kai tsaye, a zuba ta a filashi mai 8GB ko fiye, da manhajar kamfanin ko da Rufus. Kuma a lura da nau'i. Windows Home ba ta shiga tsarin da saba ke riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, wato domen. Sai Pro ko Education ko Enterprise. An sha sayen injina talatin a gano wannan bayan an biya kuɗi.

Ƙwararru ba sa bin kwamfuta hamsin ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya suke zaɓa su yi mata aikin natsuwa: babbar manhaja, direbobin katin netwok da allo da sauti daga shafin kamfanin da ya ƙera injin, duk gyare-gyaren tsaro, da manhajojin aiki. In ta yi daidai, sai a bi ta da Sysprep, wanda ke goge mata shaidar da ta keɓanta da ita, a ɗauki hotonta gaba ɗaya da manhaja irin Clonezilla, a buga wa sauran. Ribar ba saurin kaɗai ba ce. Duk injinan sun zama iri ɗaya, in ɗaya ta rikice cikin ɗan lokaci a mayar mata da hoton. Wannan ya fi muhimmanci a cibiyoyin jarrabawa. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma cibiya ɗaya kan ɗauki ɗalibi 250 a zama guda. A irin wannan ɗaki, injin da ya bambanta da 'yan uwansa shi ne wanda zai tsaya wa wani yaro a tsakiyar jarrabawa.

Sai batun shiga netwok ɗin kansa. Kowace kwamfuta a ba ta suna na daban, gajere wanda bai wuce haruffa 15 ba, kuma mai ma'ana, irin LAB1-07, a manna sunan a jikinta. Adireshinta kuwa, wato lambar IP, a bar rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ko saba ta raba, amma firinta da ita kanta sabar a tsayar musu da lamba ɗaya wadda ba ta canzawa, in ba haka ba kullum neman firinta za a yi. In ka duba ka ga lambar kwamfuta ta fara da 169.254, kada ka wahalar da kanka da fomatin: ba ta samu mai ba ta adireshi ba ne, ta ƙirƙiro wa kanta. Duba kebul da suwic, wato akwatin da kebul-kebul ɗin kwamfutocin ke haɗuwa a ciki. Kebul ɗin ma yana da iyaka, mita 100, in ya zarce sai an sa wani suwic a tsakani.

Akwai wani ƙaramin abu da ya fi duk waɗannan ɓata wa mutane lokaci, shi ne agogo. A cikin kusan kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, wanda ke riƙe kwanan wata idan an kashe wuta. A injinan hannu sau da yawa ya riga ya mutu, mu kuma ga ɗauke wuta ba dare ba rana. Sai injin ya tashi yana zaton shekarun baya ake. Tsarin tantancewa na domen, Kerberos, bisa al'ada ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti biyar tsakanin agogon kwamfuta da na saba, sai ya ƙi mutum ko da kalmar sirrinsa daidai take. Burawuza ma za ta riƙa cewa shafukan banki da na imel ba su da aminci, don tana auna takardun shaidarsu da kwanan watan da ba shi ba ne. Batirin bai kai kuɗin katin waya mai kauri ba, amma saboda shi an yi wa injina da yawa fomatin a banza. A canza shi tun farko, a saita yankin lokaci zuwa na Nijeriya da Nijar, awa ɗaya gaba da GMT, domin injin da ya fito daga Amurka da lokacin can yake zuwa.

Allon rubutu ma haka. Na Faransa da Beljiyam, wanda aka saba da shi a Nijar, AZERTY ne, inda A da Q suka yi musanyar wuri. In an saita Windows da tsarin Amurka a kan irin wannan allo, mutum zai buga kalmar sirri daidai da abin da idonsa ke gani, injin ya karanta wani abu daban. Tunda ana wurin, a ƙara tsarin Hausa da ke cikin Windows, don masu rubutu su samu ɓ da ɗ da ƙ.

Ma'aikaci kada a ba shi asusun mai cikakken iko. Na san wannan kan jawo ɓacin rai, musamman in Ranka-ya-daɗe ne da kansa ya so saka wata manhaja injin ya nemi izini. Amma duk abin da mutum ya danna da kuskure, da ikon asusunsa yake aiki; in asusun ƙarami ne, ɓarnar ma ƙarama ce. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. Al'adar nan ta asusu ɗaya ga ofis gaba ɗaya, da kalmar sirri a rubuce a jikin allo, ita ke sa in abu ya ɓace ba a san wanda za a tambaya ba.

Manhajojin aiki kuwa a taƙaita: burawuza, manhajar ofis, direban firinta, hanyar shiga jakar da ke kan saba, da VPN ga masu aiki daga nesa. Rigakafin Microsoft Defender da ke zuwa da Windows ya isa mafi yawan ƙananan ofisoshi, muddin an bar shi yana sabunta kansa. Masu gyara kan kashe sabuntawa wai don tana shan data. Gaskiya ne tana sha, amma Windows na da saitin da ke sa injin ɗaya ya sauko da gyara ya raba wa sauran ta netwok na cikin gida. A kunna wannan maimakon a kashe komai. Kuma a yi sabuntawa da UPS a jone, don yankewar wuta a tsakiyarta na iya hana injin tashi.

Shugaban makaranta ko manajan ofis ba sai ya iya duk wannan da hannunsa ba. Amma kafin ya biya injiniya kuɗinsa, ya sa wani ma'aikaci ya zauna ya shiga da asusunsa, ya buɗe jakar saba, ya buga takarda ɗaya, a kashe injin a zare shi daga wuta a sake kunnawa a ga ko agogo ya tsaya daidai. Sannan ya karɓi takarda mai ɗauke da sunan kowace kwamfuta, da shaidar lasisinta, da kalmar sirrin babban asusu, da mabuɗin BitLocker in an kulle ma'adanar da shi, da kuma inda aka ajiye hoton da aka buga wa injinan. In injiniya ya ce ba sai an rubuta ba, duk suna kansa, a riƙe sauran kuɗin sai ya kawo takardar.